Dogo Bai Ƙi Amsa Sallamar Kowa Ba

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan azahar kaɗan, Allah Ya karɓi ran ɗana, bakaniken nan da 'yan gareji ke kira Dogo. Ni ce uwarsa. Ban yi karatu ba, ban san yadda ake riƙe alƙalami ba. Ƙanwarsa Auta ce zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ta bar ta yadda ta fito.

Ɗan nan, da farko ban yi niyyar cewa komai ba. Na ce in yi shiru in yi ta maka addu'a har Allah Ya haɗa mu. To amma ana cikin zaman makoki ina kwance a ɗakina, maza suna zaune a waje jikin tagata. Ido ya fara tafiya, ƙafa ta fara tafiya, kunne kuwa Allah Ya bar mini shi, kai ka fi kowa sanin haka. Sai na ji wani ya rage murya yana cewa, "Allah Ya jiƙansa, hannu kam akwai shi. Sai dai 'yan shekarun nan kai ya ɗan kumbura. Ka yi masa sallama ya wuce ka kamar da bango kake." Na kusa da shi ya ce, "Ai tun da manyan motoci suka san hanyar wajensa. Ni dai na yafe. Wasu kuwa ban sani ba."

Wannan "ban sani ba" ita ta hana ni sukuni. Kana kwance inda ba ka iya kare kanka, ga mutane riƙe da kai a zuci kan laifin da ba ka yi ba. Ka sa na yi maka alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, na kuma riƙe alkawarin har aka ɗauke ka daga gidan nan. Yau zan faɗa. Gara ka yi fushi da ni in mun haɗu, da ka je gaban Ubangijinka wani yana jin haushinka.

Jama'a, Dogo ba ya ji. Kurmancewa ya yi.

Kafin in kai nan, bari in faɗi wane ne shi, don waɗanda suka san shi a ƙarshe kawai. Tun yana ƙarami ba a ajiye masa abu mai murfi. Rediyon ubansa ya sha wahala a hannunsa, agogon bango ma haka. Ka tambaye shi me ya sa ya buɗe, sai ya ce, "Kuka yake yi, Inna." Shi komai kuka yake yi a wajensa, ƙofa, keke, famfo. Da ya girma ya shiga gareji, mota tana shigowa daga bakin ƙofa zai ɗaga kai ya ce ga abin da ke damunta, tun mai ita bai fito ba. Da kunne ya yi suna, da kunne ya ciyar da mu bayan ubansa ya kwanta ciwo.

Ɗan nan, ba ka taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba, domin ba ka iya wuce motar da ta mutu a gefen hanya. Ko fararen kaya ne a jikinka sai ka tsaya. Matarka ta gaji da wanki ta daina magana. Keken ɗinkin maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kai ka riƙa gyara shi har ta aurar da ta ƙarshe, ba ka taɓa shan ko ruwan gidanta ba don kada ta ce ta biya. Lokacin jinyar ubanka kai kake goya shi zuwa banɗaki, kana zolayarsa wai ya fi injin tirela nauyi, shi kuma yana dukan ƙeyarka. Mutum irin wannan ne za a ce kansa ya kumbura?

Abin ya zo a hankali. Wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da kai, ka tashi, sai na lura kana yawan kallon bakin mutum in yana magana. Na ce ko ladabi ne ya ƙaru. Ran nan ka zo gaishe ni kana cin abinci ka ba ni baya, kwanon ƙarfe ya kuɓuce mini ya faɗi a kan siminti, har kajin waje suka watse. Kai ko motsi ba ka yi ba. Na zagayo gabanka na tsaya. Da ka ga fuskata ka ajiye cokali.

Ashe ka riga ka je wajen likita kai da matarka. Ya ce kunne ɗaya ya mutu, ɗayan saura kaɗan, ƙarar injina ta shekara da shekaru ga kuma zazzaɓin. Ya ba ka ɗan abin nan da ake sawa a kunne. A gida yana ɗan taimakonka. A gareji kuwa ka ce duk ƙarar guduma da ta injin walda sai ya kwaso ya zuba maka a ka, ga shi shi kansa yana wani fito, ba ka gane nasa da na mota. Ka cire ka jefa a aljihu.

Ka ce mini, "Inna, bakanike ba kunne, wa zai kawo masa mota? Ranar da aka sani, ranar na tashi daga aiki. Ki rufa mini asiri."

Na ce, "Ciwo ai ba abin kunya ba ne."

Ka ce, "A wajenki. Ki dai yi mini alkawari."

Na yi maka.

Haka ka yi ta lallaɓawa. Ka koyi ɗora tafin hannu a kan injin kana jin rawarsa. Ka koyi sa dogon ƙarfe a jikin injin ka dafa ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnenka. Da wannan da ido da hanci ka ci gaba da aiki, ba wanda ya gane. Har ranar da aka kawo baƙar motar nan ta mai sayar da kayan gini.

Doguwa ce, cikinta kusa da ƙasa, kujerunta kamar gado. Ciwonta kuwa, a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau take, da ta fuskanci tudu aka taka mata totur sai ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya, wata fitila ta kama a gaban direba. Mai ita ya gaji da yawo da ita, har an ce masa sai dai a sauke turbo duka biyun a sa sababbi. Ya kawo maka ya ce kai ne na ƙarshe.

Ka zo mini da yamma ba ka ci abinci ba, ka zauna bakin gadona ka yi tagumi. Na tambaye ka mene ne turbo ɗin. Ka yi ɗan murmushi ka ce, "Kin tuna zuga-zugin Kaka?" Ubana maƙeri ne, a ƙarar zuga na tashi. Ka ce to motar nan tana da irinsu guda biyu, tagwaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya su, su kuma su yi ta tura iska cikin injin ta wasu manyan tiyo, wutar ciki ta ƙara ci, mota ta yi ƙarfi. In iskar ta samu wajen gudu a hanya, ƙarfi ya tafi.

Na ce, "Kamar in fatar zuga ta huje. Kana ta zugawa garwashi na kallonka."

Ka ce, "Shi ke nan, kin gama makaranta."

Ka ce ka sa mata kwamfuta, kwamfuta ta ce iska ba ta isa, amma ba ta faɗi inda take gudu ba. Ka duba matatar iska, tsaf take. Ka kama fankar kowane turbo da yatsa ka girgiza, ba wadda ke lilo, ba wadda ta karye, shi ya sa zuciyarka ta ƙi yarda a sauke su. Ka bi duk ƙarafunan da ke ɗaure bakin tiyo ka ƙara musu ɗauri. Ka toshe bakin hanyar iskar, ka ari famfon mai faci ka hura mata, ka bi ko'ina da ruwan sabulu kana neman inda zai yi kumfa. Ko ɗigo bai tashi ba. Ka ce, "A tsaye ba ta faɗin gaskiya, sai a kan tudu. A kan tudu kuwa kunne ake so. Da can ne, da hawa ɗaya ya ishe ni." Ka ce in ka ɗauki wani daga gareji ka ce ya saurara maka, kafin la'asar kowa ya ji labari. Matarka kuwa ka gwada ta, ta ce ita duk ƙara ɗaya take ji.

Sai ka ƙura mini ido. Na gane tun ba ka faɗa ba. Na ce, "Ni? Ni da ko a motar haya sai na runtse ido?"

Washegari da hantsi ka zo ka ɗauke ni, muka biya ta gareji ka ɗauki kayan aiki. Ka sa ni a gaba, ka jawo wata igiya ka ɗaure ni da kujera kamar akuyar da za a kai kasuwa. Mai Walda, amininka tun kuna yara, wanda rumfarsa ke jikin taka, kwanonku ɗaya kullum, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya leƙo ya ce, "Kai, Dogo, yau babbar baƙuwa aka samu! Inna, ki riƙe ɗankwalinki da kyau, ɗanki ba ya jin magana in ya kama sitiyari." Na ce masa, "Kai dai ka ji da tartsatsinka, ka ƙone gira ka zo kana ba mutane shawara." Aka yi dariya. Kai ma ka yi, don ka ga suna yi.

Muka nufi tudun nan na bayan gidan mai, wajen da ake jibge yashi. Ka ce tunda idonka na kan hanya ba za ka ga bakina ba, da na ji kukan ya canza in damƙi hannunka. Ka sauke gilashi, ka taka. Wallahi tun ba mu fara hawa ba na damƙe ka da hannu biyu ina salati. Ka taka birki ka juyo da sauri, "Me kika ji?"

Na ce, "Mutuwa na ji."

Ka kifa kai a kan sitiyari kana dariya har da hawaye. Rabon da in ga ka yi irin wannan dariyar tun kafin zazzaɓin.

Muka sauko muka sake. Wannan karon na rufe ido, na ce wa zuciyata ɗanki ne ke tuƙi, abincin jikokinki ne a cikin ƙarar nan. Na kasa kunne. Can ƙarƙashin rugugin injin sai na jiyo su, wasu siraran fito guda biyu, kamar sauro biyu suna tashi tare. Suna hawa, suna hawa, sai a tsakiyar tudu daga ɓangarena, can ƙasa wajen ƙafafuna, wani abu ya buɗe, fuuu, motar ta yi laushi nan take. Na damƙe ka.

Ka tsaya a gefe. Na nuna maka wajen da ƙafa. Ka ce wane irin kuka ne. Na yi maka da baki, ka ƙura mini ido amma ba ka gane ba, leɓe ba ya nuna irin wannan. Na rasa yadda zan yi. Sai na kamo hannunka na juya bayansa, na hura masa iska siririya da tsinin baki, na ce haka take tun daga ƙasa. Sannan na buɗe baki na sake masa mai faɗi gaba ɗaya, na ce haka ta koma a tsakiya. Rabona da hura maka hannu tun kana rarrafe ka taɓa murhu.

Ka daɗe kana kallon bayan hannun. Ka ce, "Tsaga ce. Ba rami ba ne. Rami kullum a buɗe yake, ita kuwa sai an matsa mata."

Nan gefen hanya ka buɗe bonet, ka shimfiɗa kwali ka shige ƙarƙashi tun injin na da zafi. Ina jin ka kana tsaki, ƙarfe yana ƙona ka. Ka zura hannu ta ƙasan babban tiyon da ya fito daga turbo na ɓangarena, ka fito da yatsu sun yi damshin baƙin mai. Ka nuna mini kamar wanda ya tsinci zinariya. Ashe ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, tiyon yana gogar wani ƙarfe har ya tsage. In mota na tsaye roba ta yi sanyi, bakin tsagar a haɗe yake, shi ya sa sabulu bai yi kumfa ba. Sai ta yi zafi, injin ya yunƙura a kan tudu ya ɗan karkata, sannan take buɗewa. Ka sa sabon tiyo a ranar, ka naɗe ƙarfen da roba don kada ya sake ci.

Na ɗauka an gama. Kashegari ka dawo ka ce ta samu sauƙi amma da saura, kana ji a bayanka ba ta tura ka yadda ya kamata. Na ce ai ni na yi murabus. Ka ce ba a murabus ana tsakiyar aiki. Muka koma tudun. Hucin nan ya tafi kam, amma na lura duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, daga naka ɓangaren akwai wani ɗan kacau-kacau, kamar ƙaramin cokali a cikin kofin shayi. Wannan da farce na yi maka shi a jikin gilashi, kana kallon yadda yatsana ke rawa. Ka ce akwai wata 'yar ƙofa a jikin kowane turbo, in iska ta isa sai ta buɗe hayaƙi ya wuce ta gefe. Ta ɗayan, sandar da ke riƙe ta ce ta yi sako-sako, ƙofar ba ta rufuwa ruf, hayaƙi yana zurarewa bai juya fanka ba. Wato ɗaya tana zugawa iska na gudu, ɗaya kuma ba ta samun abin da zai juya ta. Ka canza ɗan ƙarfen da ya cinye, ka daidaita sandar.

Hawan da muka yi bayan nan ba zan manta da shi ba. Motar ta manna ni da kujera, tudun ya zama kamar ba shi. Da muka kai sama ka tsaya, ba ka kashe ta ba. Ka juyo ka ce, "Tare suke yi, Inna?"

Na ce, "Tare suke, kamar bakinsu ɗaya."

Ka gyaɗa kai ka juya fuska wajen taga. Na ga kafaɗarka tana rawa. Na yi kamar ina gyara ɗankwali.

Tun daga nan na zama ma'aikaciya. Mai kayan gini ya baza labari, masu irin motocin nan suka yi ta zuwa. Duk wadda ta gagari hannu da ido, sai ka zo ƙofar ɗakina ka ce, "Babbar injiniya, a fito a sha iska." Mutanen unguwa suna ta sa maka albarka, wai ga ɗan da ke fita da uwarsa yawo a manyan motoci. Ba su yi ƙarya ba. A hanyar dawowa sai ka tsaya ka saya mini lemo, ka ɓare mini da hannunka mai baƙin mai, in yi ta faɗa, in kuma shanye. Uwaye da yawa 'ya'yansu sun gina musu gida. Ni nawa ya sa na yi amfani a lokacin da na ɗauka na gama amfani a duniya.

Amma kunnena yana cikin mota ne kawai, ba ya bin ka kasuwa, ba ya bin ka bakin titi. Duk wanda ya yi maka magana ta baya ko daga nesa, ya yi da iska. Na sha ce maka mutane fa za su ƙullace ka. Ka ce in ka ga mutum ai kana gaishe shi. Wanda ba ka gani ba fa, ɗan nan?

Sai ranar da mahaifin Mai Walda ya zo wajen ɗansa, yana zaune a kan benci ya yanke jiki ya faɗi. Mai Walda ya rungume shi, ya ɗaga kai ya hango ka a bakin ƙofar gareji ka ba da baya, kana wanke hannu kusa da wata mota da za ka fita gwaji. Ya ƙwala maka kira. Ya yi ta kira har waɗanda ke tsallaken titi suka juyo. Ka goge hannu, ka shiga mota, ka ja ka tafi. Kafin a samo wata motar a kai tsohon asibiti, rai ya yi halinsa.

Da ka dawo aka gaya maka, ka zo mini a tsaye, ko zama ka kasa. Ka je gaisuwa, Mai Walda ya juya maka ƙeya a gaban mutane. Tun daga ranar kwano ya rabu. Na ce ka je ka faɗa masa gaskiya, shi kaɗai. Ka ce to. Bayan kwana biyu na tambaye ka, ka ce ka je har bakin rumfarsa bakinka ya yi nauyi. Ka ce yanzu in ka faɗa, zai ce don ka tsare sana'arka ka bar ubansa ya mutu, kuma ba ka san amsar da za ka ba shi ba. Kullum gobe, kullum gobe. Rumfa na jikin rumfa, kuna wuce juna kamar baƙi. Abin ya ci ka, na ga yadda wuyan rigarka ya yi maka yawa.

Ciwon ajalinka bai daɗe ba. Kana aiki ka ce ƙirjinka ya riƙe, aka kai ka asibiti, ka kwana biyu. Na zauna a inda za ka ga bakina. Ina karanta maka kalmar shahada kana bin leɓena kana maimaitawa, har ka daina. Ni na ji fitar numfashinka na ƙarshe. Wannan kam da Allah Ya ɗauke mini kunnen kafin ranar.

Mai Walda ya je jana'iza, an ce can baya ya tsaya. Gidan nan kuwa bai shigo ba. Shi ya sa bayan na ji maganar mutanen nan ta taga, na ce Auta ta riƙe mini hannu ta kai ni garejin. Rumfarka a rufe, ban iya kallonta ba. Shi yana durƙushe yana walda. Da ya gan ni ya kashe injin, ya cire gilashi, ya russuna ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Idonsa na ƙasa.

Na ce, "Haƙuri sai ka taya ni. Wajenka na zo. Ranar da babanka ya faɗi, abokinka bai ji ka ba."

Ya ce, "Inna, don Allah a bar maganar nan. Na kira shi har muryata ta dishe. Na tsallaken titi ma sun ji."

Na ce, "Su suna da kunne. Shi ba shi da shi. Tun zazzaɓin nan ya kurmance."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Dogo? Mutumin da ke jin numfashin mota? To duk motocin nan da yake kamo ciwonsu a kan tudu fa?"

Na ce, "Wa kake gani a gaban motar in zai tafi tudun?"

Sai ya zauna daɓas a ƙasa cikin gutsattsarin ƙarfe, ƙaton mutum da furfura, ya ɗora hannu biyu a ka. Can ya ce, "Kwanonmu ɗaya fa, Inna. Me ya hana shi gaya mini? Ai da ni zan riƙa ji masa. Da ni zan riƙa amsa masa sallama."

Na ce, "Tsoro ne. Da farko tsoron rasa aiki, daga baya tsoronka."

Ya ce, "Na yafe masa, duniya da lahira. To ni wa zai yafe mini? Ya zo mini gaisuwa na juya masa ƙeya."

Na ce masa kai, ɗan nan, ka yafe masa tun a ranar, domin a gabana ka ce ko kai ne abin da za ka yi ke nan. Ya yi kuka, na yi, Auta ta yi. Da yamma ya shigo gidan nan ya yi wa matarka gaisuwa, ya zauna da yaranka har magariba. Ɗan nan, saƙon da ya yi maka nauyi na kai maka shi.

Sai dai ƙafata ba za ta kai ni wajen kowa ba. Ban san su duka ba, waɗanda suka kira ka a kasuwa, da waɗanda suka yi maka magana daga bayan sahu, da waɗanda suka yi maka hon a hanya ba ka waiwaya ba. Shi ya sa na sa a rubuta. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa masa haske a ciki. Yadda ya tsaya wa waɗanda mota ta mutu musu a hanya, kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka buɗe masa kunnuwansa ya ji tambayar mala'iku, Ka ba shi ikon amsawa daidai. Ka haɗa shi da ubansa a gidan Aljanna, ni ma in lokacina ya yi Ka sa in cika da imani in same su.

Ke matarsa, 'yata, kin riƙe masa asiri, kin yi shekaru kina zagayowa gabansa kafin ki yi magana ba ki taɓa nuna gajiya ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da alheri. Jikokina, Allah Ya raya ku, Ya sa ku gaji zuciyar ubanku. Auta da sauran 'yan'uwansa, Mai Walda da duk 'yan gareji, da masu motocin da suka saba da hannunsa, ina yi mana ta'aziyya gaba ɗaya. Allah Ya ba mu dangana.

Wanda duk ke riƙe da shi a rai, don girman Allah ya sake shi. Wanda kuma ya taɓa yi wa Dogo sallama bai ji amsa ba, ya yi haƙuri ta makara, ga uwarsa tana amsawa a madadinsa: wa alaikumus salamu wa rahmatullah.